Wai da gaske akwai dukiyar 'yan fashi a binne? Tambayoyi da amsoshi kan masu tono a talabijin

A gidan wani abokina muke kallon waɗannan shirye-shiryen, shi ke da dikoda mai tashoshi da yawa mu kuma namu kawo kuɗin man janareto, kuma wallahi babu ranar da za a watse ba a yi gardama ba. Wani ƙanena har rantsuwa yake wai mako mai zuwa za su fasa akwatin. Shekara uku kenan yana wannan rantsuwar. Toh tunda ni ne aka mayar da mai musu a majalisar, na ce bari in tattara tambayoyin da ake ta jefo min in amsa su gaba ɗaya in huta.

Wane irin shiri ma ake magana a kai?

Irin wanda za ka ga wasu ƙattai da gemu da hular kaboyi sun cika mota da na'urori, an nuno tsohuwar taswira ta ci wuta a gefe, mai sharhi da wata murya kamar daga rijiya yana cewa wai a wannan kwarin ne wani gawurtaccen ɗan fashi ya binne zinare kafin a harbe shi. Yawancinsu na Amurka ne, tashoshi irin History da Discovery. Sunayen da ake juyawa kuma ba su da yawa, Jesse James, Butch Cassidy, Al Capone, Dutch Schultz, sai Pablo Escobar na Kolombiya, sai 'yan fashin teku irin su Kyaftin Kidd.

An taɓa tono wata dukiya a gaban kyamara kai tsaye?

An taɓa gwadawa, kuma abin da ya faru shi ya koya wa masu talabijin darasin da suke cin abinci da shi har yau. Ranar 21 ga Afrilu 1986 wani ɗan jarida Geraldo Rivera ya tara Amurkawa wai za a fasa ma'ajiyar sirri ta Al Capone, gawurtaccen shugaban 'yan daba, da ke ƙarƙashin otal ɗin Lexington a Chicago, inda Capone ya taɓa mayarwa hedikwatarsa. Awa biyu kai tsaye. An kawo likitan duba gawa ko da za a ga kwarangwal, an kawo jami'an haraji ko da za a ga kuɗi tunda Capone ya mutu gwamnati na binsa bashi, mutum wajen miliyan 30 suka zauna suna kallo. Da aka fasa bangon me aka gani? Ƙasa da tarkace da 'yan tsofaffin kwalabe babu komai a ciki. Shikenan.

Kai da ni za mu ce an ji kunya. Masu tasha kuwa abin da suka gani shi ne mutum miliyan 30 sun kalli talla na awa biyu saboda ramin da babu komai. Kuskure ɗaya kawai aka yi a wajensu, an bari an kai ƙarshen ramin a dare ɗaya. Daga baya sai aka gane ai ba sai an kai ƙarshe ba, a ja shi zango-zango kawai.

Amma ai waɗannan mutanen sun yi fashi da gaske, toh ina kuɗin suka shiga?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce ma'ana, kuma amsarta ba daɗi, cinyewa suka yi. Ɗan fashi ba ɗan adashi ba ne. Mutumin da ake farauta da kyauta a kansa kullum cikin kashe kuɗi yake, sabon doki, bindiga, toshiyar bakin wanda ya ɓoye shi, caca, ga kuma rabo tsakanin mutum biyar ko takwas da aka yi aikin tare.

Ɗauki Jesse James tunda shi aka fi yi wa shiri. Fashin banki na garin Liberty a Missouri a 1866, wanda ake dangantawa da gungunsu, an kwashi wajen dala 60,000 kuma kaso mai yawa takardun lamuni ne ba tsaba ba. Jirgin ƙasan da suka kayar a Adair ta Iowa a 1873 sun sa ran zinare mai yawa suka tashi da 'yan dubbai kaɗan. Na Northfield a Minnesota kuwa a Satumban 1876, mutanen gari ne suka fito musu da bindiga, abin da suka fita da shi daga bankin bai kai dala 30 ba, aka kashe musu mutane aka kama abokan fashinsu 'yan gidan Younger su uku. Ka raba irin wannan samun a kan shekara goma sha biyar da bakuna da yawa ka ga me zai rage na binnewa.

Sannan ka duba yadda ya ƙare. Lokacin da Robert Ford ya harbe shi ranar 3 ga Afrilu 1882 a St. Joseph, gidan haya yake zaune da sunan ƙarya Thomas Howard, yana kan shirya wani sabon fashin ne ma. Matarsa sai da ta sayar da kayan gida don ta ci da yara, kuma cikin talauci ta mutu. Uwarsa ta koma sayar wa 'yan yawon buɗe ido tsakuwar kan kabarinsa senti 25 kowacce, in ta ƙare ta je rafi ta ɗebo wata ta zuba, wannan tsohuwa kam da a Kantin Kwari take da ta yi suna. Yayansa Frank wanda aka yi komai da shi ya miƙa wuya, kotu ta wanke shi, ya rayu har 1915, ya yi sayar da takalma, ya yi karɓar tikiti a ƙofar gidan wasa, a ƙarshe yana karɓar 'yan sulalla wajen masu zuwa kallon gonarsu. Dan Allah wanda ya san inda miliyoyi suke a kwance zai tsufa yana gwada wa mutane takalmi a ƙafa?

Butch Cassidy ma haka. Ya gudu Ajantina a 1901 da abokinsa suka kafa gonar kiwo a Cholila, daga baya ga shi a Bolibiya yana aikin albashi a mahaƙar kuza, har a Nuwambar 1908 suka tare kuɗin albashin wani kamfanin ma'adinai, abin da ya kai ga harbin da aka yi a ƙauyen San Vicente, inda ake ganin a nan suka mutu. Wanda ya bar tukwanen zinare a Utah, kamar yadda ake cewa ya yi, ba zai je yana tare albashin lebura a kan dutsen Bolibiya ba.

Toh zinaren dala miliyan 2 da ake cewa Jesse James ya binne a duwatsun Oklahoma fa?

Labarin dai na cewa sun tare ayarin jakuna ɗauke da zinare daga Meziko, dusar ƙanƙara ta rutsa su a duwatsun Wichita suka zuba shi a wani kwazazzabo. Ni ba sai na je Oklahoma ba, kalkuletar wayata ta ishe ni. A wancan zamanin awon zinare ɗaya, wato giram 31 da ɗoriya, dala 20 da senti 67 ne. Dala miliyan 2 kenan ya kama kilo 3,000, tan uku cif. Duk wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san in ka sa masa buhu biyu na kilo hamsin-hamsin a doguwar tafiya ka gama da shi, toh muna maganar jakuna talatin ko fiye, da abincinsu da ruwansu da masu kora, daga iyakar Meziko har Oklahoma, mutanen da ake nema ruwa a jallo, kuma babu wanda ya gansu, babu kuma wani banki ko gwamnati ko attajiri da ya fito yana ihun an sace masa tan uku na zinare. Dukiya irin wannan in ta ɓata tana barin takarda, ƙara a kotu, rahoton jarida, rigimar inshora. A nan babu ko ɗaya.

Abin da ke raya labarin shi ne Frank James ya zauna a wata gona kusa da garin Fletcher a Oklahoma daga wajen 1907 na 'yan shekaru, sai mutane suka ce ai dukiyar ya zo nema. In ma haka ne toh wanda ya binne da hannunsa bai gane wurin ba, sai ɗan talabijin bayan shekara ɗari.

Amma suna nuna alamomi a jikin duwatsu da bishiyoyi, har da haruffan JJ. Wannan ba shaida ba ce?

Je ka kowace tsohuwar makarantar kwana ka duba jikin darbejiya da bangon aji, za ka ga sunaye da zane iri-iri. Kaboyi da makiyaya da masu safiyo da yara 'yan zaman banza duk sun yi rubutu a duwatsun Amurka, kuma su kansu masu neman dukiyar na shekara tamanin da suka wuce sun bar nasu zanen, yanzu na baya suna zuwa suna karanta na gaba a matsayin sirri. Matsalar fassarar alama ita ce ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa. In an tona an ga ƙusa a ce alamar ta yi daidai, in ba a ga komai ba a ce ai alamar yaudara ce aka sa don a ɓatar da maƙiya, ta gaskiyar tana gaba. Da boka ya yi maka wannan da tuni ka ce ya dawo maka da kuɗinka.

Galibi kuma sai an jawo wata ƙungiyar asiri mai suna Knights of the Golden Circle. Ƙungiyar ta wanzu da gaske kafin yaƙin basasar Amurka, masu goyon bayan bauta ne, amma zancen wai ta binne zinare a faɗin ƙasar kuma Jesse James ne ma'ajinta, wannan ya yi ƙarfi ne ta bakin mutanen da suka kewaye wani tsoho J. Frank Dalton wanda ya fito a 1948 a Lawton ta Oklahoma ya ce shi ne Jesse James, wai mutuwar ƙarya ya yi. An yi ta yawo da shi ana karɓar kuɗin kallo har ya mutu a 1951. A 1995 aka tono kabarin Jesse a Kearney ta Missouri aka yi gwajin ƙwayar halitta da zuriyar 'yar'uwarsa, ya dace. Wato wanda aka binne a 1882 shi ne dai, tsohon nan kuwa zuƙi ta malle ya shara, amma har yau taswirorin da suka fito daga wannan tsatson ake ɗagawa a gaban kyamara.

Na'urorin fa? Ai kimiyya ba ta ƙarya.

Na'ura ba ta ƙarya amma mai riƙe da ita yana iya yi, ko ya yaudari kansa. Na'urar gano ƙarfe ta hannu tana jin sulalla ne a zurfin taƙi ɗaya ko ƙafa ɗaya, babban abu ta ɗan ƙara, kuma kukan da take yi wa zinare tana yi wa murfin kwalba da gwangwanin sardin. Radar ɗin duba ƙasa kuma ba hoto take ɗauka ba, wasu layuka ne masu lanƙwasa ke fitowa a allo, dutse na iya kawo su, saiwar bishiya, ramin gafiya, canjin ƙasa daga yashi zuwa laka, kuma a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai yumɓu ba ta ma gani da nisa. Sai mai shiri ya sa wa hoton jan launi da rawaya ya ce ga akwati.

A Poland an yi wannan a idon duniya. A 2015 wasu mutum biyu suka ce radar ta nuna musu jirgin ƙasan zinaren 'yan Nazi a binne kusa da Wałbrzych, har wani babban jami'in gwamnati ya hau kai, masana ƙasa daga Kraków suka zo suka auna suka ce babu jirgi, ba a ji ba, a Agustan 2016 aka kawo katafila aka tona, ƙasa ce kawai.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu riƙe wasu sanduna biyu ko wata 'yar eriya mai juyawa wai tana jiyo zinare daga kilomita. Irin wannan ce wani ɗan Birtaniya James McCormick ya sayar wa Iraƙi da wasu ƙasashe a matsayin na'urar gano bam, ADE 651, dubban daloli kowacce, alhali asalinta abin wasa ne na neman ƙwallon golf kuma babu komai mai aiki a cikinta. A 2013 kotu ta ɗaure shi shekara 10. Hannun mai riƙewa ne ke juya eriyar ba tare da ya sani ba.

Toh 'yan abubuwan da suke samu fa, harsashi, maɓalli, tsohon sulalla?

Duk inda mutane suka taɓa zama in ka tona za ka samu wani abu, ka tona bayan ganuwar Kano ma ka gani. Tambayar ita ce me ya haɗa wannan maɓallin da ɗan fashin. Ka saurari mai sharhin da kyau, ba ya taɓa cewa wannan na wane ne, sai dai ya ce shin zai yiwu wannan na wane ne? Tambaya ce, kuma ba a kai mutum kotu don ya yi tambaya. Bayan talla sai ka ji an ci gaba da magana kamar an riga an amsa da eh.

In an bari masana na waje suka duba kuwa abin yakan zube. A 2015 wani sanannen mai nutso Barry Clifford ya fito da wani curin ƙarfe mai kilo 50 daga teku a tsibirin Sainte-Marie na Madagaska ya ce azurfar Kyaftin Kidd ce, aka yi biki har da shugaban ƙasar, ga masu ɗaukar shirin talabijin a wurin. UNESCO ta turo masananta suka duba, kashi 95 cikin ɗari dalma ce, abin da aka ce jirgin Kidd ne kuma suka ce ɓaraguzan tsohon ginin tashar ruwa ne. Kuma fa wannan mutumin ba ɗan koyo ba ne, shi ya gano jirgin 'yan fashin teku na gaske Whydah a 1984 wanda ya nutse a 1717. Shi Kidd ɗin ma dukiyar da aka tabbatar ya binne a tsibirin Gardiners a 1699 hukuma ta tono ta tun a lokacin aka kai Ingila, aka rataye shi a 1701.

Kana nufin duk shiri ne kawai, wasan kwaikwayo suke?

Ba zan ce kowa maƙaryaci ba ne, da yawansu sun yi imani da abin har zuci, wasu sun ƙarar da dukiyarsu da aurensu a kai. Amma ka gane yadda ake haɗa shirin. Ana ɗauka ne wata da watanni kafin a nuna, a tara awoyi masu yawa edita ya yanka ya fitar da minti arba'in da 'yan kai, ya sa kiɗa, ya ɗauko fuskar mamakin da wani ya yi ranar Talata ya manna ta a kan abin da aka tono ranar Juma'a. Duk kashi dole ya ƙare da an ji wani ƙarfe ya yi ƙara a ƙasa.

Ga hanya mafi sauƙi da nake bi. Tunda an gama ɗauka tun bara, in da sun samu tan ɗaya na zinare da tuni BBC da kowa sun faɗa, lebura da direban katafila da mai kawo abinci duk suna da waya, ga hukuma da lauyoyi da za su cika wurin. In ka kunna kashi na farko ba ka taɓa jin labarin a rediyo ba toh ka riga ka san yadda na ƙarshe zai ƙare.

Babban misali shirin tsibirin Oak na Nova Scotia a Kanada. Tun 1795 ake cewa an fara tonon wani rami a can da ake zaton akwai dukiya a ciki, shirin 'yan'uwan nan biyu Rick da Marty Lagina ya fara a Janairun 2014, an wuce zango goma, an samu katako, ƙusoshi, 'yan sulalla, wani ƙaramin kuros na dalma, amma dukiyar shiru, jiran gawon shanu kawai. Mutum shida suka mutu a wannan neman tsawon tarihi, huɗu daga ciki rana ɗaya a 1965 iska mai guba ta kashe su a rami, shirin kuma ya mayar da wannan abin tallarsa wai sai na bakwai ya mutu kafin a samu. Wannan kam ni bai min daɗi ba sam.

Escobar fa? Shi kam ai kowa ya san ya binne kuɗi.

Eh shi daban ne, a nan na yarda. Kuɗinsa na fataucin hodar ibilis sun fi ƙarfin banki, ya yi ta cusa su a bango da ƙarƙashin ƙasa, ɗan'uwansa Roberto da ke riƙe lissafi ya ce duk shekara suna cire kashi goma cikin ɗari a matsayin abin da ɓeraye da danshi suka ci. Amma ka lura da abu biyu. Na ɗaya, an kashe shi ranar 2 ga Disamba 1993, kuma waɗanda suka san maɓoyan, yaransa da abokan gabarsa da jami'an da suka yi ta kai samame, suna da shekara ashirin da huɗu a gaba kafin Discovery ta turo tsofaffin ma'aikatan CIA biyu a 2017 su zo nema. Gidan gonarsa na Hacienda Nápoles ma mutane sun farfasa bango sun tone daɓe tun tuni. Shirin ya ƙare ba a ga miliyoyin ba. Na biyu, takarda ce ba zinare ba. A 2020 wani ɗan ɗan'uwansa ya ce ya gano dala miliyan 18 a bangon wani gida, kuma shi da bakinsa ya ce wari ne ya tare shi, takardun da yawa sun ruɓe. Mu nan ma ai mun gani lokacin canjin kuɗi na ƙarshen 2022, bidiyon damman naira da suka manne suka zama kamar ƙosai ya yi ta yawo a waya, kuma waɗannan ba su yi shekara talatin a ƙasa ba.

Wato ba a taɓa samun dukiyar binne ba kenan?

Ana samu mana, sai dai ba ta hanyar da talabijin ke nunawa ba. A 2013 wasu mata da miji a arewacin California suna zagayawa da karensu a filinsu suka ga bakin wani tsatsattsen gwangwani ya leƙo, ƙarshe gwangwani takwas, sulallan zinare 1,427 na tsakanin 1847 da 1894, aka ƙiyasta su dala miliyan 10. Babu taswira babu kyamara. Nan da nan aka fara cewa ai na Jesse James ne, ai na wani ne da ya saci kuɗi a gidan buga sulalla na San Francisco, babu wanda ya tabbata, abin da ya fi kama hankali wani ne kawai da bai yarda da banki ba ya mutu bai faɗa wa kowa ba. A 2023 wani ya tono sulalla sama da 700 na zamanin yaƙin basasa a gonar masara a Kentucky.

Na ɗan fashi na gaske da aka tsinta kuwa, akwai na D.B. Cooper wanda ya yi fashin jirgin sama a Nuwambar 1971 ya karɓi dala 200,000 ya diro da lema ya ɓace. A 1980 wani yaro ɗan shekara 8 yana share yashi a bakin kogin Columbia don a hura wuta ya ci karo da dala 5,800, sun ruɓe amma lambobinsu sun dace da na kuɗin fansar. Ka ga bambanci, nan akwai lamba da za a gwada. A Najeriya ma dala miliyan 43 da EFCC ta gano a wani bene a Ikoyi a Afrilun 2017 ba radar ce ta nuna ba, wani ne ya tsegunta.

Su waye ke cin ribar abin toh?

Tasha da masu talla, kamfanin da ya haɗa shirin, taurarin da ake biya kowane kashi, masu sayar da na'urori, masu otal da gidan abinci na garin da aka ce dukiyar na kusa, masu kai 'yan kallo zagaye. Kai kuma ka sa data da man janareto.

In mutum ya tsinci irin wannan dukiyar tasa ce?

Ba kai tsaye ba, kuma wannan ɓangaren shirye-shiryen ba sa son tsayawa a kai. Kayan sata ba ya zama halal don ya daɗe a rami, in an san bankin ko kamfanin da aka sata toh magadansa ko inshorar da ta biya asarar za su taso. Yaron nan na kogin Columbia sai 1986 aka gama shari'a, aka raba kuɗin tsakaninsa da kamfanin inshora, FBI ta riƙe 'yan kaɗan. A Amurka tono a filin gwamnatin tarayya ba izini laifi ne ƙarƙashin dokar 1979 ta kare kayan tarihi, an ɗaure wani da ya je yana tona maƙabarta a gandun Yellowstone yana neman akwatin dukiyar da wani attajiri Forrest Fenn ya ɓoye don jama'a su nema, neman da ya ci ran mutum biyar kafin a gano akwatin a 2020. A Ingila dokar 1996 ta ba ka kwana 14 ka kai rahoto, kuma a 2019 an ɗaure wasu biyu da suka ɓoye abin da suka tono suka sayar a ɓoye.

A fiƙihu ma malamai sun raba, dukiyar da aka binne tun jahiliyya wadda ba ta da mai ita ita ce rikazi, ana fitar da humusi wato kashi ɗaya cikin biyar. Wadda ke da alamar ta mutanen baya-bayan nan ce hukuncin tsintuwa take ɗauka, sai an yi cigiya. Wadda aka san ta sata ce kuwa ta mai ita ce.

Wani ya zo ya ce akwai tukunyar zinare a gonarmu ta gado, aljanu ke gadi, sai an sayi turare da baƙin rago. Ya kake gani?

Ɗan'uwa riƙe kuɗinka. Wannan da na talabijin uwa ɗaya uba ɗaya ne, can radar nan turare, kuma duka biyun dukiyar kullum saura ƙiris. An yi wa wani maƙwabcinmu, aka fara da turaren dubu goma, aka koma rago, aka ce matarsa ta yi magana lokacin da bai kamata ba tukunyar ta matsa gaba, sai an sake. Har wani ɗan curin tagulla suka binne da dare suka bari ya tono da hannunsa don zuciyarsa ta kwanta. Sai da babur ɗinsa ya tafi sannan wayar malamin ta daina shiga. Ka tambayi kanka abin da ya sa wanda ke ganin zinare a ƙarƙashin ƙasa yake buƙatar dubu gomanka.

Toh mu daina kallo kenan?

A'a ni ma ina kallo, ina son ganin ƙasar da manyan injinan haƙa, wani lokacin kuma suna kawo masanin tarihi na gaske ya yi minti biyu yana magana mai ma'ana kafin a yanke shi. Abin da muke yi yanzu a majalisa shi ne ƙirga sau nawa mai sharhi zai ce shin zai yiwu, ranar nan mun kai goma sha tara kafin wuta ta ɗauke. Ƙanena kuma mun yi da shi duk ranar da aka ɗaga zinare a gaban kyamara har labarin ya fito a rediyo zan saya masa tsire na dubu biyar, shi kuma duk zangon da ya ƙare ba komai zai sayo fetur lita biyu. Yanzu lita shida nake binsa, ya ce in bari a ga kashi na gaba tukuna.